Yayana ya ce sai an sayar da gonar Baba an kai shi waje ɗaukar hoton zuciya

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 39, malamar makaranta, kuma ni ce a kusa da mahaifinmu tun rasuwar Hajiya shekara uku da suka wuce. Baba shekararsa 67, yana fama da ciwon suga da hawan jini fiye da shekara goma. Wata huɗu ke nan, in ya taka zuwa masallacin Juma'a ko ya hau bene, sai ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an aza masa dutse, in ya zauna ya huta kaɗan sai ya sake shi. Likitan zuciya ya yi masa gwaje-gwaje, ya ce yana son a ɗauki hoton CT na jijiyoyin zuciyarsa. Akwai inda ake yi a garinmu, sun ce na'urarsu mai silais 128 ce.

Da na gaya wa Yaya, wanda ke aiki a Abuja, sai ya ce atafau. Wai ya bincika, a Alƙahira da Indiya akwai mai silais 640, tamu tsohon yayi ce, kuma ba zai zuba ido a maimaita abin da ya faru da Hajiya ba, wadda aka daɗe ana yi wa maganin gyambon ciki, sai da lokaci ya ƙure aka gane ba shi ba ne. Kuɗin tafiyar ba za su haɗu ba sai an sayar da gonar da Baba ya gada. Baba dai ya ce a yi abin da ya sauƙaƙa, a bar masa gonarsa. Da na goyi bayansa, ƙanina ya ce rowa ce ke damuna, gado nake hange. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Don Allah, mai 640 ɗin nan ta ninka mai 128 sau biyar ne? In na dage aka yi a gida, wani abu ya faru, ina zan sa kaina?

Daga wata 'yar'uwa, an sakaya suna.

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan Hajiya da rahama. Maganar gadon nan da ƙaninki ya jefe ki da ita ta yi mini zafi a madadinki, domin ke ce mai bin layin asibiti, ke ce mai ƙirga ƙwayoyi safe da yamma. Zan dawo kanta. Amma akwai abin da ba ya jiran ku gama shawara, shi zan fara faɗa miki.

Nauyin ƙirjin da ke zuwa in an motsa, ya tafi in an huta, shi ne irin wanda ake da sararin yi wa bincike a tsanake. Ranar da ya canza hali kuwa, lissafi ya canza. In ya kama Baba yana zaune, ko ya tashe shi daga barci, ko ya wuce minti goma sha biyar bai sake shi ba, ko ya zo da gumi, tashin zuciya, sarƙewar numfashi, ko ya bi hannu da muƙamuƙi, to ku ɗauke shi zuwa sashen gaggawa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Haka in tazarar da yake iya takawa ta fara raguwa kwana bayan kwana. Masu ciwon suga sukan yi bugun zuciya, wato jijiyar zuciya ta toshe farat ɗaya, ba tare da ciwo mai tsanani ba, sai dai gajiya da gumi, don haka kada ki jira ki ga ya dafe ƙirji. Mutumin da ke cikin wannan hali ba a neman masa biza, ba a kuma sa shi a jirgi. Ki faɗa wa duk wanda ke kwana a gidan.

To, ga amsar tambayarki ta farko: a'a, ba ta ninka ta sau biyar ba. Bari in nuna miki abin da lambar take nufi, don ki iya yi wa Yaya bayani da bakinki.

Na'urar CT zobe ce babba. A cikinta akwai fitilar eksire da ke kewaya mutum da gudu, daura da ita kuma akwai layukan ƙananan idanu masu karɓar hasken da ya ratso jiki. Kwamfuta ce ke harhaɗa abin da suka gani ya zama yanka-yanka, kamar burodin da aka yanka, wato silais ɗin da kuke ji. Lokacin da Godfrey Hounsfield ya fara gwada ta a kan mara lafiya a Landan a 1971, kai kaɗai take ɗauka, don kai ana iya tsayar da shi. Zuciya ce ta gagara shekara da shekaru. Jijiyoyin da ke shayar da ita kaurinsu bai fi milimita uku zuwa huɗu ba, kamar bututun tawada na cikin biro, ga shi kuma ba sa tsayawa ko na ƙiftawar ido. Sai wajen 2004, da masu silais 64 suka fito, aka fara samun hoton da likita zai dogara da shi.

Mai layi 64 tana ɗaukar faɗin kusan santimita huɗu a zagaye guda, alhali zuciyar babban mutum ta kai santimita goma sha biyu ko fiye. Saboda haka sai ta ɗauka kashi-kashi a bugu da yawa, sannan a haɗa, kamar yadda masaƙa ke saƙa siraran ƙyallaye a ɗinke su su zama zane. In bugun zuciyar yana tafiya daidai, mutumin kuma ya riƙe numfashi, ɗinkin ba ya nunawa. In bugun yana tsalle, sai adon wannan ƙyalle ya saɓa da na wancan, a ga jijiya kamar an karya ta alhali lafiyarta lau. Maganin wannan matsala aka nema da kamfanin Toshiba, wanda sashen na'urorin asibitinsa ya koma hannun Canon daga baya, ya fito da Aquilion ONE a 2007. Layi 320 gare ta, faɗin santimita goma sha shida, tana rufe zuciya gaba ɗaya a bugu guda. Ita ce ake tallata wa da 640, domin kwamfuta tana fitar da yanka biyu daga kowane layi. Haka ma da yawa daga masu 128 ɗin, layi 64 ne aka ninka. Ashe ainihin bambancin tsakanin abin da Yaya ya gani da na garinku shi ne faɗi: wannan tana ɗauka a tashi ɗaya, waccan sai an ɗinka. Kaurin yankan kuwa, wanda shi ne kaifin gani, kusan ɗaya ne, wajen rabin milimita.

Akwai kuma sauri, wanda lambar silais ba ta cewa komai a kansa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar doki a guje ranar hawan sallah da wayar hannu ya san abin: komai girman hoton, in kyamarar ba ta da sauri, sai dai a ga hazo. Na'ura mai fitila ɗaya sai ta yi rabin zagaye kafin ta samu hoto, wanda kan ci wajen kashi ɗaya cikin shida na sakan. A 2005 kamfanin Siemens ya sa fitila biyu a zobe ɗaya, kowace ta yi rubu'in zagaye kawai, lokacin ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Lambar silais ɗin irin wannan na'ura ba ta kai 640 ba, amma ga mutumin da zuciyarsa ke gudu kuma ta ƙi saukowa, ita ce gaba. Sai ta baya-bayan nan, Naeotom Alpha, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2021. Tana ƙirga ƙwayoyin hasken ɗaya bayan ɗaya, tana iya yanka mai kaurin kashi biyu cikin goma na milimita, kuma fifikonta ya fi fitowa a jijiyar da ta yi tauri ko wadda aka sa wa 'yar ragar ƙarfe don ta zauna a buɗe. Wuraren da ke da ita kaɗan ne ko a Turai, kuma ba ita ce Yaya ya gani a talla ba. Kin ga ke nan ba tsani ba ne da za a ce wannan tana saman waccan. Kowace an ƙera ta ne don wata irin zuciya mai wuyar ɗauka.

To Baba yana cikin masu wuyar ɗauka ne? Nan gizo ke saƙar. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara wa asibitocin gwamnatinsu ƙa'idar aiki, ta ce tun 2016 gwajin farko ga mai irin wannan ciwon ƙirji shi ne CT mai silais 64 ko sama da haka. Ba su ce 640 ba. Manyan na'urorin sun ware su ne ga mutanen da aka san hotonsu yana ba da wahala: mai ƙiba sosai, mai bugun zuciya marar tsari, mai bugun da ya ƙi sauka ƙasa da 65 a minti, mai tarin alli a jijiya, da wanda aka riga aka sa wa raga ko aka yi wa aikin sauya jijiya. Idan bugun Baba yana tafiya daidai, ana iya saukar da shi wajen 60 da magani, kuma zai iya riƙe numfashi na sakan goma, to na'urar garinku tana iya amsa tambayar da likita ke yi. Babban ƙarfin wannan hoto ma shi ne kore zargi: in ya fito tas aka ga jijiyoyi a buɗe, da wuya ƙwarai a ce akwai toshewar da ta ɓuya.

Sai dai zan yi wa Yaya adalci, don akwai wurin da damuwarsa ke da tushe, ko da bai san sunan abin ba. Namiji ɗan shekara 67 da ya yi shekara goma da suga da hawan jini, akwai yiwuwar jijiyoyinsa sun tara alli, wato kalsiyam, a bangonsu. A hoton CT allin nan yana ƙyalli ya bazu ya fi girmansa, kamar babbar mota ta dallare ki da fitila da dare, ki kasa gane ko akwai hanyar wucewa a gefenta. Sai ƙofar jijiya ta zama kamar ta fi yadda take ƙunci, ko a kasa cewa komai. Abin da ya kamata ki sani shi ne faɗin mai 640 shi kaɗai ba ya kawar da wannan ƙyalli. Za a iya sayar da gona, a hau jirgi, a kwanta a ƙarƙashinta, a tashi da takardar da ta ce alli ya hana gani, a je a yi gwajin bututu. Abin farin ciki, ana iya sanin yawan allin tun kafin a kai nan. Akwai ɗan gajeren hoto da ake yi a kan gadon CT ɗin dai, ba allura ba rini (ruwan da ake sa wa a jini don jijiyoyi su fito a hoto), ya ba da maki. Ma'aunin Agatston ake ce masa, tun 1990 ake amfani da shi. Sifili na nufin ba a ga alli ba, sama da 400 yana nufin ya yi yawa. Wurare da dama da shi suke fara wa kafin su sa rini. Ki roƙi likitan Baba ya rubuta a takardar cewa in makin ya yi sama sosai, a kira shi kafin a ci gaba.

In hakan ta faru, ko aka ga bugun Baba ba ya bin tsari, mafita ba lalle ta zama ƙasar waje ba. Likita na iya neman inda ake da mai faɗi ko mai fitila biyu a cikin ƙasa, ko ya zaɓi gwajin wahalar da zuciya da motsa jiki ko da magani ana kallon ta, ko ya wuce kai tsaye zuwa gwajin bututu, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta cinya har zuwa zuciya. Ana yin wannan a Abuja da Legas, kuma fa'idarsa ita ce in an ga toshewa ana iya buɗe ta a zama ɗaya. Dalilin da ya sa ba a fara da shi ga kowa shi ne ya fi CT haɗari. Wani bincike da aka yi wa mutum 3,561 a cibiyoyi 26 na Turai, aka buga a 2022, ya nuna manyan matsalolin da suka biyo bayan gwaji sun kai kashi 1.9 cikin ɗari ga waɗanda aka fara da bututu, 0.5 ga waɗanda aka fara da CT. Likitanku bai yi kuskure ba da ya ce a fara da hoto.

Ni a ganina, abin da ya fi raba hoto mai kyau da marar kyau shi ne mutanen da ke ɗakin da kuma shirin da aka yi wa mara lafiya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kafin ku biya ko kwabo, ki je wurin da ƙafarki ki tambaya: hoton jijiyoyin zuciya nawa suke yi a wata? Na'urar da ke ɗaukar kai da ciki kullum, amma ba ta ganin zuciya sai jefi-jefi, ma'aikatanta ba za su goge ba komai tsadarta. Wa ke karanta hoton, kuma ya samu horo a kan na zuciya musamman? Suna ba da maganin saukar da bugu a wurin su jira ya yi aiki, ko kuwa yadda mutum ya zo haka za a kwantar da shi? Suna sa ƙwayar ƙarƙashin harshe mai buɗe jijiya kafin ɗauka? Za su ba ku cikakken hoton a faifai, ba takardar sakamako kaɗai ba? Sannan ki tambaya ko suna rubuta sakamako da ma'aunin CAD-RADS, wanda ke tafiya daga sifili, jijiya a buɗe, zuwa biyar, toshewa gaba ɗaya, don likitan ko'ina a duniya zai gane shi. In suna amsawa ba kame-kame, hankalinki ya kwanta. In aka fara ɗaure miki fuska don kin yi tambaya, wannan ma amsa ce, sai ku nemi wani wuri, kuma ga Yaya a Abuja.

Shirin kuwa rabinsa a hannunki yake. Rinin da ake sa wa ta jijiyar hannu yana da aidin, ƙoda ce ke fitar da shi, kuma suga da hawan jini su ne manyan masu cin ƙoda a ɓoye. Dole a yi gwajin ƙoda na kwanan nan kafin ranar. In Baba yana shan maganin suga metformin, ki faɗa, don gwargwadon ƙarfin ƙodar ne za a ce ya dakata ko ya ci gaba. In yana da ɗabi'ar shan diclofenac ko ibuprofen don ciwon gwiwa, ki faɗa wannan ma. In yana da asma ko ya taɓa samun matsala da rinin hoto, a sani tun da wuri, domin maganin saukar da bugu ba ya shiri da asma. Daga daren jajibirin ranar a ajiye shayi da kofi, a ajiye goro kuma, wanda takardun da aka kwafo daga Turai ba sa ambata, alhali sinadarin da ke cikin kofi yana cikinsa kuma yana ɗaga bugun zuciya. Ya sha ruwa isasshe, kada a sa ranar a lokacin da yake azumin nafila. Kwana biyu kafin nan ki riƙa sa shi yana jan numfashi ya riƙe, kina ƙirga goma, har ya saba, don dattawa da yawa a ruɗewa suke ɓata hoton in sun ji muryar na'ura.

Akwai tambaya ɗaya da ba ke za ki yi ba, kunya ba za ta bar ki ba, kuma bai dace ba. Ƙwayar ƙarƙashin harshen nan ba ta haɗuwa da magungunan ƙarin ƙarfin maza irin su Viagra, don suna iya faɗar da jini ƙasa warwas, kuma an sha samun sinadarinsu a cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya. Ki bar wa likita ya tambaye shi su biyu a ɗaki, ke ki fita.

Batun hasken da ke ratsa jiki kada ya tayar miki da hankali. Wani ƙiyasi da aka yi a asibitocin ƙasashe da dama ya nuna yawansa a wannan hoto ya ragu da kashi 78 cikin ɗari tsakanin 2007 da 2017, musamman saboda an koyi kunna fitilar a ɗan lokacin da zuciya ke hutawa kawai. Ga mai shekarun Baba, haɗarin rashin sanin halin jijiyarsa ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Yanzu mu zo ga gona. Hoto ba magani ba ne, ƙofa ce kawai. A Sikotilan an bi mutum 4,146 masu ciwon ƙirji, rabi aka yi musu CT, rabi aka bi da su yadda aka saba. Bayan shekara biyar, waɗanda jijiyar zuciya ta toshe musu farat ɗaya ko ciwon jijiyar zuciya ya kashe su sun kai kashi 2.3 cikin ɗari a ɓangaren masu hoto, 3.9 a ɗaya ɓangaren. An yi aikin da na'urori masu layi 64 da masu 320 a haɗe. Yawan waɗanda aka buɗe wa jijiya kuma kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Abin da ya bambanta shi ne masu hoton an fi ɗora su a kan magungunan kariya, irin na rage kitsen jini da asfirin. Wato amfanin yana cikin abin da aka yi bayan an gani. In kuka ƙarar da gonar a tikiti, biza, otal da abincin mai jinya don a gani kawai, sannan aka ce ana bukatar raga ko aiki, da me za ku yi? Ko da ba a bukaci aiki ba, Baba zai sha magani iya rayuwarsa, kuma gonar da ke kawo hatsi ko kuɗin haya duk shekara ita ce irin dukiyar da ke ɗaukar wannan. Ki tambayi likita tun yanzu waɗanne magunguna ya kamata Baba ya riga ya fara, don ba sai an jira hoto ba.

Gonar kuma ta Baba ce. Yana raye, da hankalinsa, ya faɗi abin da yake so. Ba gado ba ce tukuna, balle a ce wani na hangenta ko wani na sadaukar da ita. Amma ina so ki koma ki zauna da shi ku biyu, bayan la'asar in gida ya yi shiru, ki tambaye shi me yake nufi da a yi abin da ya sauƙaƙa. Dattawanmu sukan faɗi haka don sun gamsu, sukan kuma faɗa don ba sa son ɗora wa 'ya'ya nauyi, ko don tsoron abin da za a gano. Ki gaya masa a fili abin da gwajin zai iya nunawa da abin da zai biyo baya, ki ji ta bakinsa: in an ce sai an yi aiki, zai yarda? A ina? In ta kama a taɓa gonar a lokacin, jingina ko sayar da wani yanki zai fi so? Amsarsa ce za ku riƙe, ba hasashenku ba.

Shi kuma Yaya, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Yana nesa, ba ya ganin Baba kullum, ya rasa uwa a yanayin da yake jin da an yi wani abu da wuri da ba haka ba. Babbar lamba da tikitin jirgi su ne abin da hannunsa ke iya kamawa. In kika tare shi da cewa an yaudare shi da talla, zai ƙara kafewa, kuma girmansa na babban wa zai hana shi janyewa a gaban ƙannensa. Ki kira shi ku kaɗai, ba a zauren WhatsApp na gida ba. Ki fara da Hajiya, ki ce ke ma abin bai bar ki ba. Sannan ki nuna masa bambancin: ita an daɗe ana magani ba a duba inda ya kamata ba, shi kuwa Baba likita ya riga ya nuna zuciya da yatsa, jinkirin haɗa kuɗi da biza ne zai iya maimaita wancan kuskure. Ki roƙe shi ya zo ku shiga wurin likita tare, ko a sa shi a waya, ya yi tambayarsa ta 640 da kansa. Maganar da ya ji daga bakin likita ba za ta zame masa faɗuwa a gaban ƙanwarsa ba.

Ki kuma ba shi aikin da ya dace da shi. In an ɗauki hoton, faifan yana iya tafiya inda Baba bai je ba. Shi ya nemo ƙwararren da zai sake karanta shi, a Abuja ko a Alƙahiran da yake so, ta intanet, ya biya kuɗin karatun. Ku yi alkawari tun yanzu, a gaban Baba: in hoton bai fito ba, ko masu karatun biyu suka saɓa, ko aka ce aikin da ake bukata ya fi ƙarfin inda kuke, to maganar tafiya ta dawo kan tabarma, kuma ke ce za ki fara goyon baya. Kuɗin hoton na gida kuwa ku yi karo-karo, kowa gwargwadon ƙarfinsa, har da ƙanin naki.

Shi ƙanin, kada ki bar maganar ta kwana a ranki har ta yi tsami, kada kuma ki mayar masa da zafi. Ki bari ƙura ta lafa, ki ce masa kalmar ta yi miki ciwo, sau ɗaya, ba dogon wa'azi. Sannan ki ce ranar gwajin shi zai tuƙa Baba, ya zauna a benci ya jira tare da ku. In akwai baffa ko gwaggo da kowa ke jin nauyinta, ba laifi ta san abin da aka faɗa.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai nauyi, kuma ba zan ce miki babu abin da zai faru ba, don mai suga da hawan jini da ciwon ƙirji yana cikin haɗari ko a gida ko a Indiya. Abin da zan ce shi ne kada shawarar ta zama taki ke kaɗai, har a wayi gari ana cewa ke kika dage. Likita ya ba da ra'ayinsa a gaban Yaya, Baba ya yanke, ku kuma ku bi. Ki rubuta abin da aka ce da ranar da aka ce, don mantuwa tana da sauri in rai ya ɓaci.

Yau da daddare ki ɗauko katin asibitin Baba ki duba lambar bugun zuciyarsa a zuwa uku na ƙarshe, da sakamakon gwajin ƙoda in akwai, da ko likita ya taɓa rubuta cewa bugun ba ya tafiya daidai. Da waɗannan a hannunki za ki kira Yaya. In an yi hoton, ki rubuto mini yadda aka ƙare. Ki gaida Baba da jiki.